Likita ya ce a mayar da Mama kulawar ƙarshen rayuwa: sun cire rai da ita ke nan?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya a kan mahaifiyarta, wadda ciwon daji ya bazu mata zuwa hanta da ƙashi. Likitoci sun ce maganin da ake yi mata ya daina amfani, sun ba da shawarar a miƙa ta ga masu kulawar ƙarshen rayuwa, wato hosfis. Tana so ta san ko sun cire rai da ita ne, ko morfin, maganin ciwo mai ƙarfi da za a ba ta, zai gaggauta mata ajali, da kuma yadda za su yi tunda ta daina cin abinci.

'Yar'uwa, sannu da jinya. Allah ya ba Mama sauƙi, ku kuma ya ba ku juriya.

Abin da likitocin suka gaya miki shi ne ciwon ya fi ƙarfin magungunan da ake warkarwa da su. Ba zan rufe miki wannan ba, domin duk shawarar da za ku yanke daga yanzu a kansa za ta tsaya. Amma akwai tazara mai yawa tsakanin "ba za mu iya warkar da ita ba" da "babu sauran abin da za a yi mata". Maganar farko gaskiya ce. Ta biyun kuwa ba ta taɓa zama gaskiya a kan kowane mara lafiya ba. Raɗaɗi yana da magani, haki yana da magani, haka amai da rashin barci da firgicin dare. Aikinmu ke nan mu masu kulawar ƙarshen rayuwa, kuma aiki ne mai yawa, wani lokaci ya fi wanda ake yi mata a yanzu yawa. Abin da ke canzawa shi ne abin da aka sa gaba. Da ana yaƙi da ƙarin da ke jikinta ko da za ta sha wuya. Yanzu jin daɗinta da mutuncinta da abin da take so ta yi da sauran kwanakinta su ne a gaba, duk allura ko gwajin da bai taimaka wa wannan ba sai a ajiye shi.

Wannan tsari a yadda ake yin sa yau ya samo tushe ne daga Cicely Saunders, 'yar Ingila da ta fara da aikin nas, ta koma jami'ar walwalar marasa lafiya, sannan ta karanci likitanci ta gama a 1957. A 1967 ta buɗe St Christopher's a Landan, wurin da ya haɗa jinyar masu ciwon ajali da koyarwa da bincike. Abu biyu ta kafa waɗanda har gobe a kansu muke. Na farko, a ba da maganin ciwo a kan lokaci, kada a jira sai mutum ya fara nishi. Na biyu, ciwon mai jiran ajali ba a jiki kaɗai yake ba: akwai tsoro, akwai tunanin 'ya'yan da za a bari, akwai saɓanin da ba a shirya ba, akwai abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa. Idan aka bar waɗannan, komai yawan maganin da aka ba shi ba zai samu natsuwa ba. Ita kanta a St Christopher's ɗin ta rasu a 2005.

Mutane kan haɗa abu biyu wuri ɗaya. Akwai kulawar rage raɗaɗi, wadda ake iya farawa tun ranar da aka gano ciwo mai tsanani, ana yin ta tare da maganin warkarwa. Hosfis kuwa ɓangaren ƙarshe ne na wannan kulawa, lokacin da aka daina neman waraka. A Amurka, inda inshorar gwamnati ta tsofaffi ta fara biyan kuɗin hosfis bisa dokar 1982, sharaɗin shi ne likitoci su tabbatar cewa in ciwon ya bi hanyarsa, mai yiwuwa kwanakin da suka rage ba su wuce wata 6 ba. Wasu ƙasashen ba su da irin wannan iyaka. Ko a can ɗin ma wata 6 ƙiyasi ne, ba wa'adi ba. Wanda ya zarce ana sabunta masa, wanda ya ji sauƙi ana sallamarsa, wanda kuma ya canza shawara yana iya komawa maganin warkarwa. Babu likitan da ya san ranar kowa. Abin da muke iya karantawa shi ne saurin da jiki ke yi wajen raunana: in ana ganin canji daga wata zuwa wata, galibi watanni ake magana; in daga mako zuwa mako ne, makonni; in kullum sai an ga sabon rauni, to kwanaki.

Game da tsoron cewa wannan kulawa tana rage kwana, akwai binciken da ya kamata ki sani. A 2010 an wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, a kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu. An raba su biyu: wasu aka yi musu maganin daji kawai, wasu aka haɗa musu da kulawar rage raɗaɗi tun da wuri. Waɗanda aka haɗa wa sun fi jin daɗin rayuwa, baƙin ciki bai kama su kamar sauran ba, ba a yi musu aikin wahala da yawa a ƙarshe ba, kuma matsakaicin kwanakinsu ya kai wata 11.6, na sauran 8.9. Ba na kawo wannan don in yi miki alƙawarin ƙarin kwana ba. Na kawo shi ne don ki ga cewa rage wa mutum wahala ba ya cinye masa kwana. Abin da ya fi ci mini rai a wannan aiki shi ne yawancin iyalai sai saura kwana biyu ko uku suke isowa wurinmu, bayan mara lafiyan ya sha watanni yana raɗaɗin da za a iya kwantar masa cikin mako guda. Ku da aka ba ku shawarar yanzu, kada ku ja lokaci.

Hosfis ba lallai gini ba ne da za a kai ta a baro. A wurare da yawa a gida ake yin mafi yawan aikin. Tawaga ce: likita, nas mai zuwa duba ta, mai taimakawa da wanka da juya ta, jami'in walwala, malamin addinin da ita ta yarda da shi, da 'yan sa kai. In wata matsala ta gagara a gida, ana iya kwantar da ita na 'yan kwanaki a daidaita magani a dawo da ita. Sai dai ki sani tun yanzu, nas za ta zo ta tafi. Yawancin sa'o'in yini da dare ku ne a kanta. Duk wanda ya ɓoye miki wannan bai kyauta miki ba.

Yanzu morfin, wanda na san shi ya fi hana ki barci. Morfin da aka fara da kaɗan, ana ƙarawa sannu a hankali gwargwadon ciwo, ba ya kashe mutum. Dalilin da ya sa mutane ke zarginsa a bayyane yake: an saba jinkirta shi sai mutum ya kai gargara, a ba shi yau ya rasu gobe, sai a ce allurar ce. Alhali ciwon ne ya kai ƙarshensa. Akwai masu shan morfin wata da watanni suna hira, suna fita, suna harkokinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba, kuma tun 1986 ta fitar da tsarin maganin ciwon daji hawa-hawa: a fara da masu sauƙi irin farasitamol, in ba su isa ba a hau zuwa masu ƙarfi, a ba da ta baki in zai yiwu, kuma a bi agogo.

Bin agogon nan shi ne abin da iyalai suka fi saɓawa. Morfin na ruwa ko ƙwaya mai saurin aiki yakan fara aiki cikin kamar rabin awa, ya ɗauki kimanin awa 4. Saboda haka ake ba da shi kowace awa 4, ko da a lokacin ba ta ce tana jin ciwo ba. Raɗaɗi kamar gobara yake, kashe shi tun yana ƙarami ya fi sauƙi, in ya riga ya kama sai an zuba magani ninkin abin da da zai isa. Akwai kuma mai jinkirin aiki da ake sha sau biyu a yini, wanda ba a tauna shi ba a daka shi. Bayan wannan likita zai rubuta ƙarin ma'auni na ko-ta-kwana don ciwon da ke tasowa tsakanin lokuta, yawanci kusan kashi ɗaya cikin shida na jimillar abin da take sha a yini. Ki samu littafi ki riƙa rubuta duk lokacin da aka ba ta wannan ƙarin. Da shi za a san ko ma'auninta ya yi kaɗan.

Yana da illolinsa. Kwana biyu zuwa uku na farko za ta iya yawan barci ko tashin zuciya, wannan yakan wuce. Wanda ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, don haka duk wanda aka rubuta wa morfin dole a haɗa masa da maganin sassauta ciki tun ranar farko. In ba a rubuta ba ki tambaya. In kika ga ana tashinta da ƙyar, ko gaɓoɓinta suna fizga, ko numfashinta ya yi jinkiri ƙwarai jim kaɗan bayan an ƙara ma'auni, ki kira nas kafin a ba ta na gaba. Hakan ya fi faruwa ga wanda ƙodarsa ta raunana, kuma akwai wasu magungunan da ake canza masa. Batun kamu da jarabar ƙwaya kuwa, ga mai ciwon daji a wannan mataki ba shi ne abin damuwa ba. A dai kulle maganin inda yara da baƙi ba za su kai gare shi ba, kuma kada kowa ya ƙara ko ya rage da ra'ayin kansa.

Tunda ciwon Mama ya taɓa ƙashi da hanta, akwai abin da nake so ki riƙe. Ba kowane ciwo morfin kaɗai ke kwantarwa ba. Ciwon ƙashi a wuri guda yakan ji gashin na'ura, wato haska wurin da hasken da ke kashe ƙwayoyin daji, sau da yawa zama ɗaya ya isa, kuma yin sa bai saɓa wa hosfis ba tunda don sauƙi ake yi. Hanta in ta kumbura tana ciwo, ƙwayar sitiroyid takan rage shi. Akwai kuma abu biyu da ba a jira da su. In ta fara sabon ciwon baya mai tsanani, ƙafafu suka yi nauyi ko suka mutu, ko fitsari ya riƙe ko ya kufce mata, wataƙila ƙarin ya danne lakar baya ne, a kira likita a ranar. In kuma ta rikice farat ɗaya ga ƙishirwa da yawan fitsari da taurin ciki, yana iya zama sinadarin kalsiyam ne ya hau a jininta, wanda ciwon daji a ƙashi kan jawo, kuma ana iya saukar da shi. Kada a ce ai dama tafiya ce ta zo a zuba ido.

Sai abinci. A nan ne na fi ganin hawaye da saɓani tsakanin 'yan'uwa, domin ciyarwa ita ce hanyar da muka fi sani ta nuna ƙauna. Ki fahimci yadda abin yake: ba rashin cin abinci ne ke kai Mama ga ajali ba, kusantowar ajalin ce ta ɗauke mata sha'awar abinci. Ciwon daji da ya yi nisa yana canza yadda jiki ke sarrafa abin da aka ci, tsoka tana narkewa ko da an cika ciki. Galibin masu wannan hali ba sa jin yunwa irin wadda ni da ke muka sani. In aka matsa mata, abin da zai biyo baya amai ne, kumburin ciki, ko ta shaƙe abincin ya faɗa huhu. Robar ciyarwa ta hanci a wannan mataki ba a ga tana ƙara kwana ba. Ƙarin ruwa ma a kwanakin ƙarshe yakan taru a ƙafafu da ciki da ƙirji ya ƙara mata haki, ko da yake akwai lokutan da likita zai ga dacewar a gwada kaɗan a duba. Ki kawo mata abin da ranta ke so, cokali biyu ko uku, lokacin da ta nema. In ta kau da kai, a ɗauke ba tare da nuna ɓacin rai ba, domin da yawansu suna tilasta wa kansu ci ne don kada 'ya'yansu su ji ba daɗi. Abin da ya fi damunsu bushewar baki ce. A riƙa jiƙa mata baki da auduga ko tsumma mai tsabta a kai a kai, a shafa mai a leɓe, a goge harshe. Duk wanda hannunsa ke ƙaiƙayin ya yi mata wani abu, ga aiki nan.

Ba ki tambaya ba, amma zan faɗa: ita Mama, ta san halin da take ciki? Iyalai da yawa kan roƙe mu kada a gaya wa mara lafiya, don kada ya karaya. Na fahimci dalilin, kuma ba na goyon bayan a jefa wa mutum labarin da bai nema ba. Sai dai mai jikin ya riga kowa sani. Abin da ɓoyewar ke haifarwa shi ne kowa yana kuka a bayan ƙofa, ita kuma an bar ta ita kaɗai da abin da ta sani. Ku ba ta ƙofa. "Mama, yaya kike ganin jikin nan?" "Akwai abin da kike so mu tambayi likita?" In ta kauce, a bar ta, hakkinta ne. In ta buɗe, ku saurara, kada a yi saurin cewa "haba, za ki warke". Wataƙila tana da wasiyya, ko bashin da take so a biya, ko wanda take so a kira mata su yafi juna. Tana da bakin magana yanzu, ba lallai ta kasance da shi nan da makonni ba. A wannan zaman ne kuma ya kamata a ji inda take so ta ƙarasa kwanakinta, da ra'ayinta kan danna ƙirji da na'urar numfashi in zuciya ta tsaya. Ga wanda ciwon daji ya ci jikinsa haka, danna ƙirji da wuya ƙwarai ya dawo da shi, abin da ya fi yawa shi ne karayar haƙarƙari da rasuwa a tsakiyar na'urori nesa da iyali. A rubuta abin da aka yanke, kowa a gidan ya sani, har da ɗan'uwan da ke nesa wanda zai iso a ƙarshe ya ce a garzaya asibiti.

Kwanakin ƙarshe suna da alamominsu, sanin su yana rage firgici. Barci zai yawaita har ya zama ba ta farkawa sai kaɗan. Fitsari zai ragu ya yi duhu. Hannuwa da ƙafafu za su yi sanyi, fatar gwiwa da tafin ƙafa ta yi dabbare-dabbare. Numfashi zai riƙa zurfi, ya yi ƙasa, ya tsaya na daƙiƙoƙi, ya dawo. Za a iya jin ƙara a maƙogwaro saboda yawun da ta kasa haɗiyewa. Masu sauraro ya fi damu, ita galibi ba ta jin sa, kuma juya ta a kan gefe yana rage shi. Wasu kan yi sambatu ko fizge-fizge, to a fara duba ko mafitsara ce ta cika ko ciwo ne, in ba su ba akwai maganin da ke kwantar da shi. In ta kasa haɗiya, ana ba da magungunan ta ƙarƙashin fata, wani lokaci da 'yar na'ura mai tura sirinji a hankali yini da dare. Ku nemi a kawo waɗannan magunguna gida tun kafin a buƙace su. Ku ci gaba da yi mata magana da addu'a a kusa da kunnenta, domin ji yana cikin abubuwan da ke jimawa bai ɗauke ba, kuma kada a yi gardama a kanta.

Ba ko'ina ake samun wannan kulawa ba. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 shi ne mutum miliyan 56.8 ke buƙatar kulawar rage raɗaɗi kowace shekara, kuma kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai ke samu. A 2014 babban taron hukumar ya zartar da ƙudurin cewa kowace ƙasa ta shigar da ita cikin tsarin lafiyarta. Ba sai ƙasa ta yi arziki ba: a Yuganda, Dakta Anne Merriman ta kafa hosfis a 1993 da morfin na ruwa mai araha, kuma daga 2004 ƙasar ta ba nas-nas da suka samu horo izinin rubuta shi. In babu hosfis kusa da ku, ki tambayi likitan Mama ko asibitin yana da sashen rage raɗaɗi, in babu, shi da kansa ya rubuta tsarin maganin ciwo ya nuna muku yadda ake juya ta kowace awa 2 zuwa 4 don kada gyambon kwanciya ya kama ta.

Ke kuma, 'yar'uwa. Wanda ya rubuto tambaya irin wannan yawanci shi ne ke ɗauke da jinyar. Ku raba dare tsakaninku tun yanzu. Wanda ya ce "in akwai abin da zan yi ki faɗa", ki ba shi aiki takamaimai da rana takamaimai. Wasu hosfis suna karɓar mara lafiya na 'yan kwanaki don masu jinya su huta, a tsarin Amurka har kwana 5 a jere, kuma suna bibiyar iyali sama da shekara guda bayan rasuwa. In wata rana kika ji a ranki kina fatan wahalar nan ta ƙare, kada ki tuhumi kanki, kusan duk mai doguwar jinya ya taɓa jin haka, kuma daga tausayi yake fitowa. Yaran gidan ma a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu, kada a ce musu kaka barci za ta yi, don wasunsu tsoron barci suke kamawa.

Ranar da za ku zauna da tawagar, ki tabbatar kin fito da lambar da za a kira da tsakar dare da sanin ko wani zai zo in an kira. Ki ji wa zai rubuta magani in ya ƙare a ƙarshen mako, me inshora ko tsarin ƙasarku ke ɗauka me ya rage a kanku, da matakin da doka ta tanada a inda kuke in rasuwa ta faru a gida. In amsar da aka ba ki a kan lambar dare ba ta gamsar da ke ba, ki sake tambaya kafin ki sa hannu a kowace takarda.